Gurbin da Aka Ajiye wa Wynand

Tun a watan Satumba likita ya shaida mana cewa abin da ya rage a ƙwaƙwalwar mahaifinmu, Pa, zai riƙa zubewa a hankali, kuma babu maganin da zai dawo da wanda ya riga ya zube. Saboda haka da hutun Disamba ya zo, zafi ya kankama kamar yadda yake yi a ƙasarmu a wannan watan, mahaifiyarmu, Ma, ta ce a ɗaure tantuna a bayan a-kori-kura mu hau duwatsu kamar yadda muka saba kowace shekara tun ina goye. Ba ta ce wannan ce tafiyar ƙarshe ba. Ta dai ɗauki kofin ƙarfen Pa za ta sa a kaya, sai ta tsaya tana kallonsa har na kawar da kai.

Ni kuwa da tawa buƙatar na zo. A ɗaya daga cikin rafukan da ke gangarowa daga duwatsun nan akwai wani gurbi da Pa ke kira Teburin Oupa, wato Teburin Kaka, saboda wani shimfiɗaɗɗen dutse da mahaifinsa ke zama a kai ya ci abincin rana. Kakana ne ya gano shi, ya nuna wa Pa, kuma ban da su biyun babu wanda ya taɓa sanin inda yake. A gidanmu ba a faɗin wurin kifi da baki. Da ƙafa ake kai mutum, kuma ba a kai shi sai ranar da ya kama kifin forel da ƙudan da ya ɗaura da hannunsa, wato gashin zakara da zare a naɗe a kan ƙugiya, yadda kifi zai ɗauka ƙwaro ne ya faɗo ruwa. Ina da shekara goma sha huɗu na gwada. Ƙudana ya warware a jifa na uku, yayata Marlise ta yi dariya har ta zame ta faɗa ruwa, ni kuma na jingine sandar kamun kifin na ɗauki littafi. Pa bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Gurbin ba ya gudu, Wynand. Yana nan yana jiranka."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da wannan magana. Na je jami'ar Stellenbosch na karanci ilimin taswira, na iya auna tsawon dutse daga hoton da aka ɗauko daga sama, amma ban san inda ubana ke zuwa da asuba ba. Kwana shida muke da su, kuma mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san hanyar.

Mun kafa tantuna inda muka saba, a gonar tumakin Oom Lood, wato Kawu Lood, abokin Pa na shekara arba'in, ƙarƙashin itatuwan bakin rafi. Ciwon Pa yana da lokutansa. Da safe yakan tashi garau, ya san kowa, ya san inda ya ajiye tabaraunsa. Daga azahar abin ke fara dushewa, zuwa la'asar kuwa wani lokaci ba mu san wanda ke zaune tare da mu ba. Don haka na tare shi da safiyar farko, yana tsoma busasshen burodi a gahawa.

"Pa, Teburin Oupa fa? A wane rafi yake?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka kama naka?"

"Tukuna."

"To sha gahawarka."

Marlise, wadda ke juya ƙwai a kan wuta, ta ce, "Ikon Allah. Shekara huɗu ana koya masa neman wurare, an ba shi takarda har da hula, ga shi yana roƙon hanya a wurin tsoho."

"Ke kuma da aka koya wa jinya, ƙwai ya gagare ki. Yana ƙonewa."

"Naka ne ke ƙonewa, ɗan ƙanena. Na Pa yana nan lafiya."

Pa ya yi dariya har ya ƙware. Na ga alamar cewa ƙa'idar tana nan a kansa daram, kuma a lokacin na ɗauka wannan ba wani abin damuwa ba ne. Na yi imani da abin da na karanta. Rafuka bakwai ne a kwarin, ina da hotunansu duka a waya, gurbi kuwa ba allura ba ne. Na yanke shawarar zan nemo shi da kaina, in kai Pa can in zaunar da shi a kan dutsen, ko da bai faɗa mini komai ba.

Na fara da Oom Lood. Na same shi yana gyaran wayar shinge, filaya a hannu, taba a baki.

"Oom, Pa ya taɓa gaya maka inda gurbin nan nasa yake?"

"Ya gaya mini mana. Ƙarƙashin gadar ƙarfe, inda hanyar gari ta tsallaka rafi. Har da jan hannuna gefe, yana rage murya kamar mai ba ni sirrin gwamnati." Ya tofar da ganyen taba. "Na je sau ɗaya. Na kamo takalmin roba da gwangwani biyu."

"Wato ƙarya ya yi maka, Oom."

"Duk wanda ya matsa wa babanka Barend da tambaya, gada yake kai shi. Har fasto ya kai can. Bawan Allah ya yi Asabar uku yana jifa a kan siminti, yana cewa laifin ƙudansa ne." Ya girgiza kai yana murmushi. "Kada ka ga laifinsa, yaro. Ni ma gurbin da na ce masa nawa ne, ko kwaɗo ba ya kwana a ciki. A kan haka muka yi shekara arba'in muna zumunci."

Na bi ta gadar a hanyar komawa, don in cire ta daga lissafi. Ruwan bai kai gwiwa ba. Akwai wani falalen siminti da ya rage daga tsohuwar gada, da tokar masu gasa nama, da fasassun kwalabe.

Abin da na fi dogara da shi shi ne littafin kamun Pa. Shekara talatin yana rubuta kowace fita a cikinsa da ƙananan haruffa: ranar, yanayin sama, ƙudan da ya yi amfani da shi, yawan ƙofofin shinge da ya buɗe ya rufe kafin ya isa, da inda rana ta fito. Na zauna da shi na tsamo duk inda aka ambaci Teburin Oupa, na jera alamomin a kan taswira. Kwana biyu na yi ina bin su da ƙafa. Na buɗe ƙofofi biyar a rafin arewa, na tarar da gangare busasshe. Na hau rafin da ke bayan tsohuwar makarantar gona har numfashina ya fara yankewa, na sami gurabe huɗu, kowanne da shimfiɗaɗɗen dutse a gefensa. A nan na fara gane cewa a ƙasar da duwatsunta ke sauka falle-falle, kusan kowane gurbi yana da teburinsa. Wani shafin ya ce rana na fitowa ta bayan dutsen, wani ya ce ta gabansa. Wani ya ce tafiyar rabin awa ce daga zango, wani ya ce awa biyu.

Na dawo da yammacin rana ta uku ƙafafuna sun yi bororo. Ma tana feraye dankali a bakin tanti. Ta dubi littafin a hannuna, ta dubi ƙafafuna.

"Da ka tambaye ni, da na hutar da kai. Ai da gangan yake juya su."

"Juya me?"

"Komai. Wai kada a fasa mota a sace littafin. In gabas ne ya rubuta yamma, in ƙofa uku ce ya rubuta biyar. Wata shekara ya ga kamar Lood ya leƙa, sai ya canja tsarin gaba ɗaya. Bayan nan ma ya sake canjawa."

"Ma, ba ki taɓa tambayarsa ba?"

"In tambaye shi ya kai ni gada?" Ta jefa dankali a kwano. "Abin da na sani shi ne abin da nake wankewa. Wandonsa na dawowa da jar laka a gwiwa, yana ƙamshin na'a-na'a."

Ban gaya mata cewa duk rafukan da na bi kwana biyun nan jar laka ce a bakinsu ba, kuma na'a-na'ar daji na tattaka tun safe har ƙamshinta ya gundure ni. Duk abin da aka koya mini a jami'a an gina shi ne a kan zaton cewa wanda ya rubuta alama yana so a iso wurin. Ba a taɓa koya mini yadda ake karanta mutumin da ya yi shekara talatin yana share sawunsa da hannunsa ba.

A wannan yammacin ne Pa ya taso daga kujerarsa ya zo ya tsaya a kaina ina wanke ƙafa. Ya cire hula, ya kira ni Meneer, wato Malam, kamar yadda yake yi wa baƙi.

"Meneer ya zo hutu ne?"

Na ɗaga kai. Ba wasa yake yi ba. "E, hutu na zo."

"Wuri ne mai kyau. Sai dai kifi ya yi ƙaranci, ba kamar da ba." Ya mayar da hularsa. "Ina da ɗa mai kamar tsawonka. Yana makaranta. Yaro ne mai kai, amma ba ya son ruwa."

Marlise ta zo ta kama hannunsa ta ce nama ya gasu. Da ta wuce ta gabana ba ta tsokane ni ba, wannan kuwa ya fi komai tayar mini da hankali.

Hanya ɗaya ta rage, wadda aka nuna mini tun ina ɗan shekara goma sha huɗu. Washegari da sassafe na ɗauko akwatin ɗaurin Pa na ajiye a kan tebur, na maƙale ƙugiya a ɗan ƙarfen da ke riƙe ta, na zaro gashin wuyan zakara. Pa ya jawo kujera ba tare da an kira shi ba.

"Ka cika gashi. Wannan ba ƙuda ba ne, kaza ce."

Na warware na sake.

"Zaren ya yi sako-sako. Ja shi har ka ji yana shirin tsinkewa, sannan ka sassauta kaɗan."

Na ja, ya tsinke.

"Na ce yana shirin tsinkewa, Wynand."

Yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, suna naɗa zaren da babu, ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Wannan fa shi ne mutumin da jiya ya nemi cokali a cikin takalmi. Da na gaji na tura masa ƙarfen na ce ko zai ɗaure mini kan kawai, sai ya ɓoye hannuwansa a hammata.

"In na taɓa ya zama nawa."

Kwana biyu muka yi a haka, daga fitowar rana zuwa lokacin da idanunsa ke fara yawo. Na ɓata ƙugiya goma sha tara. A rana ta biyar na fitar da guda uku da suka tsaya da ƙafafunsu. Marlise ta ɗaga ɗaya a rana tana jujjuyawa.

"Kifin da zai ci wannan sai dai makaho, kuma wanda ya kwana uku bai ci komai ba."

"Akwai irinsu," in ji Pa. "Ni ma da irinsu na fara."

A rana ta shida muka sauka rafin da ke ƙasan zango tun raɓa ba ta bushe ba. Marlise ta ɗauko kujerar Pa ta kafa masa a inuwa, inda zai ga komai, domin ƙa'idar ta ce sai ya gani da idonsa. Na shiga daga ƙasan ruwa ina sunkuye, don kada inuwata ta riga ni. Jifan farko ya kama reshe, ƙuda ɗaya ya tafi. Na biyu ya faɗa ruwa da ƙara kamar an yar da igiyar shanya, na ga inuwoyi biyu sun ruga ƙarƙashin dutse.

"Da wuyan hannu kake yi!" Pa ya ɗaga murya. "Bar igiyar ta miƙe a bayanka tukuna. Ina kake sauri?"

Na san inda nake sauri, shi ne bai sani ba. Ina jifa ina duban rana. Wajen ƙarfe goma wani kifi ya taso ya dubi ƙudana ya koma. Sha ɗaya na cire hular Marlise da ƙugiya, ta ce in aure ya gagare ni kada in zargi kowa. Zuwa sha biyu ruwan ya ɗumama. Pa ya tsoma hannu ya ce a tsaya, domin kifin da aka wahalar a ruwan ɗumi ko an sake shi mutuwa yake yi. Wannan ne umarni na ƙarshe da ya ba ni a ranar da cikakken hankalinsa. Muka zauna a inuwa muna jiran ruwa ya huce, ina kallon fuskarsa tana yin nisa a hankali, ba ni da abin yi a kai.

Da la'asar hadari ya taso ta bayan duwatsu, iska ta yi sanyi, ƙananan ƙwari suka fara tashi a kan ruwa. Na koma da ƙuda na ƙarshe. Ban san abin da na yi daidai ba. Igiyar ta miƙe, ƙudan ya sauka shi kaɗai a bakin kumfa, ya yi tafiyar taku biyu, sai ruwan ya buɗe ya rufe. Sandar ta lanƙwasa. Kifin bai fi tafin hannuna tsawo ba, da jan layi a gefensa da ɗige-ɗige baƙaƙe. Na jiƙa hannu na ɗago shi, na taka har gaban kujerar Pa ruwa na zuba daga wandona.

"Kai!" in ji Pa, ya tafa hannu. "Kyakkyawa. Mayar da shi maza."

Na cire ƙugiyar, na riƙe kifin a ruwa har ya murmure ya sulale. Sannan na miƙa wa Pa ƙudan a tafin hannu.

"Ni na ɗaura shi. Da hannuna. Yanzu sai Teburin Oupa."

Ya daɗe yana kallona. Sai murmushi ya bazu a fuskarsa, ya miƙe ba tare da ya dafa kowa ba. "Zo mu je."

Ya shige gaba da saurin da ban ga ya yi ba duk shekarar. Marlise ta tsaya tattara kaya, ta yi mini alama da hannu in bi shi. Muka bi gefen shinge, muka buɗe ƙofa muka rufe, muka buɗe ta biyu. Ina ƙirga taku, ina haddace kowane itace. Sai hanyar ta karkata hagu, ta faɗa kan titin gari, na hango jan ƙarfen gadar.

Ya gangara ƙarƙashinta, ya tsallake fasassun kwalabe, ya tsaya a kan falalen simintin. Ya jawo hannuna gefe, ya rage murya.

"Nan ne. Da asuba, daga wancan ɓangaren. Kada Lood ya ji."

Na dubi ruwan da bai kai gwiwa ba. Na ce a raina shi ke nan, gaskiyar ta zube, ƙaryar da ya fi maimaitawa ce ta rage masa, har shi ma ya yarda da ita. Na yi masa godiya. Na ce wuri ne mai kyau. Muka koma ina riƙe da gwiwar hannunsa, ɗigon ruwan farko na sauka a kan hulunanmu.

A zango na zagaya bayan tanti in cire jiƙaƙƙun kayana. Tsakanina da Pa da Ma yadi ɗaya ne. Na ji Ma tana zuba masa ruwan wanke hannu, na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Wannan baƙon ya matsa mini, Rentia. Na kai shi gada."

Ma ta ci gaba da zuba masa ruwa.

"Ya iya godiya, bawan Allah. Amma gurbin na Wynand ne. In ya zo hutu ya ɗaura nasa, ni zan kai shi da kaina."

"To, Barend," in ji Ma. "Miƙo ɗaya hannun."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa har ruwan sama ya jiƙa ni.

Da gari ya waye rafin ya cika ya koma ja kamar an dama ƙasa, irin ruwan da kifi ba ya ganin ƙuda a cikinsa sai bayan kwana uku. Marlise na da aiki a asibiti washegari, Pa kuma yana da ganin likita. Muna naɗe tantuna ya fito garau, ya san kowa, ya tambayi Ma inda ta sa kofinsa. Na kai masa gahawa na tsuguna a gabansa.

"Pa, na kama nawa jiya. Da ƙudan da na ɗaura."

"Wallahi ya kama, Pa," in ji Marlise daga bayan mota. "Ɗan mitsitsi, amma kifi ne. Ina wurin."

"Ke tun kuna yara kike rufa masa asiri." Ya hura gahawar, ya dube ni ta saman tabarau da tausayi. "Ban gani ba, Wynand. Sai na gani."

Na waiwaya na dubi jan ruwan da ke wucewa da rassan itatuwa.

"Kada ka damu," in ji shi, ya dafa kafaɗata. "Sai baɗi. Gurbin ba ya gudu."

Ma ta karɓi kofin daga hannunsa, ta ɗauraye, ta sa a kaya. Ni na tuƙa. Da muka hau gadar ƙarfe Pa ya leƙa ta taga, ya yi dariya shi kaɗai, bai gaya wa kowa dalili ba.